Shayin Buzaye a gabashin Sakkwato

Shayin Buzaye, wanda wasu ke kira ataya, koren ganyen shayi ne na ƙasar Sin da ake dafawa a ƙaramar buta bisa gawayi. A Wurno da Rabah da Goronyo, garuruwan gabashin Sakkwato, ya samu gindin zama ta hanyar cuɗanya da Buzaye da Fulanin Nijar.

Sau uku ake dafa ganye ɗaya. Dahuwar fari baƙa ce wuluk, ɗacinta har ya kama harshe, kuma ita ce ke korar barci. A ta biyu ake ƙara ruwa da sukari, wani lokaci da na'a-na'a ko citta. Ta uku kuwa zaƙi zalla ce. Gwanintar mai dafawa tana bayyana wajen zubi: yakan ɗaga buta sama, shayin ya sauko siriri cikin ɗan kofin gilashi, ya mayar, ya sake, har kumfa ta hau. Aikin yakan ci awa guda, shi ya sa ya dace da zaman hira.

Ba kowane shayin Sin ake sha haka ba: a lardin Yunnan na Sin akwai ɗanyen shayin pu'er da ake matsawa dunƙule mai giram 357, a ajiye shekaru har ɗacinsa ya kwanta, ƙanshin busasshen itace ya fito. Shi ba a tafasa shi, ba a sa masa sukari; jiƙo ake yi na 'yan daƙiƙoƙi, sau goma ko fiye. Ganyen ataya kuwa sabonsa ya fi daɗi, don ajiya na kashe masa ƙanshi.