Ladan Magani a Ƙasar Damagaram, Jiya da Yau

A zamanin Sarki Tanimu, sa'ad da ayarin Tarabulus ke sauke kaya a Zangon Damagaram, wuri kuma shi ne kuɗin kasuwa, idan lalura ta auka wa mutumin garin Dogo da tsakar dare, ko karaya ce ko saran maciji, ba a fara maganar lada sai an ga numfashi ya daidaita. Maɗori ya gaji sana'arsa, abin da aka miƙa masa sadaka ne. Wanzamin gida, wanda ya yi ƙaho ya cire beli, yakan jira kaka a kai masa damin gero. Malami kuwa, bayan ɗan kafin alƙalami, sai buƙata ta biya. Wannan al'ada tana da madogara a fiƙihu, domin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar nan suka tashi da ita, ta halatta a yi sharaɗi da mai magani cewa ujurarsa tana rataye ga warakar majinyaci.

Da Faransawa suka ci Zinder, wato birnin Damagaram, a 1899, suka zo da gidan likita inda ba a karɓar ko dala, sai dai talakawa sun daɗe suna gudunsa, kasancewar hannun da ke ba da kinin shi ne ke karɓar haraji. Jamhuriya ta gaji wannan kyauta a 1960, ta riƙe ta har aljihun gwamnati ya rame, ɗakunan magani suka zama kango. Daga nan aka yi taron Bamako kan kiwon lafiya a 1987, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sa'an nan dokar 1995 ta wajabta wa majinyaci ɗaukar wani kaso na kuɗin jinyarsa.

A nan ne al'amarin ya juye, kuma a ganina marubuta ba su ba shi haƙƙinsa ba. Magidancin da aka ce ya wuce da matarsa babban asibitin Zinder, alhali damina ta yi tsaka, rumbu ya kai ƙasa, kafin ya ga fuskar likita ya biya man mota. Bayan ya ga likitan kuma, sai a danƙa masa takardar magani, a ce ya sayo ruwan ƙari da allura da safar hannu, wata takardar na bin wata, ba mai iya gaya masa inda lissafin zai tsaya. Biya ya riga magani, kuma da tsabar kuɗi, ba da alkawarin kaka ba.

Gaskiya ne a zamanin Tandja Mamadu an yafe kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, da na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006, amma jinkirin gwamnati wajen mayar wa asibitoci kuɗinsu ya sa sau da yawa dubawa kyauta ce, magani na saye.

Bashin dai bai gushe ba, ubangijinsa ne ya sauya. Yanzu masu bin sa su ne ɗan kasuwa da ya ba da jika goma a kan buhun geron da bai nuna ba, da uwar adashi da ta yarda a ɗauki kwasa kafin lokaci, da ƙane da ke ci-rani a Kano. Akuyar uwargida takan fara tafiya ran kasuwa, gona kuwa ba a jinginar da ita sai dattawan gida sun zauna.