DAGA BUNI YADI ZUWA PAPIRI: INA AKA KWANA KAN TSARON MAKARANTUNMU?

Duk lokacin da aka kwashe ɗalibai a wata makaranta, sai ka ga Facebook ya cika da tambaya ɗaya: wai gwamnati ba ta da wani shiri ne? Jama'a, shiri kam akwai shi, har da takardu da kwamitoci da alƙaluman kuɗi. Bari in bi muku tarihin abin daki-daki, don idan za mu yi ƙorafi mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Mu fara da yadda aka gina makarantun. Yawancin makarantun kwana na Arewa an yi su ne a zamanin zaman lafiya. Da kuɗin mai ya shigo a shekarun 1970, Gowon ya baza kwalejojin tarayya a jihohi, a 1976 aka fara shirin firamare kyauta, Kano kuma ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Tunanin lokacin shi ne a kai yaro bayan gari, a ba makaranta makeken fili, ya yi karatu nesa da hayaniya. Katanga ba ta cikin lissafi. Maigadi ɗaya da tocila da gora ya wadatar, don ɓarawon akuya kaɗai ake tsoro. Wannan nisa da gari da ya zame mana alheri a da, shi ne yau ya zama kafar da ake shigo mana.

Boko Haram ce ta fara nuna mana haka. A watan Yulin 2013 aka kashe ɗalibai a Mamudo, a Satumba aka shiga kwalejin aikin gona ta Gujba, sannan ranar 25 ga Fabrairun 2014 aka kashe yara maza 59 a kwalejin tarayya ta Buni Yadi. Duk a Yobe. An yi jaje, an watse. Sai da aka ɗauke 'yan mata 276 a Chibok daren 14 ga Afrilun 2014, duniya ta ɗauki kuwwa, sannan aka motsa.

A watan Mayun wannan shekarar, a taron tattalin arziki na duniya da aka yi a Abuja, tsohon Firaministan Birtaniya Gordon Brown, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ilimi, ya ƙaddamar da Shirin Tsare Makarantu. 'Yan kasuwa suka yi alƙawarin dala miliyan 10, gwamnatin Jonathan ta ce za ta ɗora wata miliyan 10. A faɗi gaskiya, an ga aiki ɗaya a ƙasa: an ɗebi ɗalibai sama da 2,000 daga Borno da Yobe da Adamawa an rarraba su kwalejojin tarayya a wasu jihohi. Amma wannan ɗauke yaro ne daga makaranta. Ita makarantar tana nan yadda take.

Ranar 29 ga Mayun 2015, ranar da ake rantsar da Buhari, Najeriya ta shiga sahun farko na ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar kare makarantu a birnin Oslo. Sai 2019 aka sa hannun tabbatar da ita. A tsakanin nan aka yi Dapchi, 19 ga Fabrairun 2018, 'yan mata 110. Ku tuna abin da ya biyo baya: gwamnatin Yobe ta ce an janye sojoji daga garin kafin harin, sojoji suka ce sun miƙa wa 'yan sanda, 'yan sanda suka ce ba a miƙa musu komai ba. Ku riƙe wannan, domin a nan cutar take.

Daga nan wutar ta tsallako Arewa maso Yamma, kuma ta sauya kama, ta koma sana'ar kuɗin fansa. Ƙanƙara a Disambar 2020, yara sama da 300. Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, Afaka a Maris, Islamiyyar Tegina a Mayu, Birnin Yauri a Yuni. Amsar da jihohi suka bayar ita ce rufe makarantun kwana. Wa ya kwana a ciki? Ɗan talaka, musamman 'ya mace. Yarinyar da aka maido gida tana aji biyar, a ƙauye da yawa kafin a sake buɗewa an ɗaura mata aure.

Takardu kuwa ba su tsaya ba. A 2021 aka fitar da manufar ƙasa kan tsaron makarantu da mafi ƙarancin abin da kowace makaranta za ta tanada. A Oktoban shekarar Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya na huɗu kan yarjejeniyar Oslo. A Disambar 2022 ma'aikatar kuɗi ta fito da tsarin kashe kusan naira biliyan 145 daga 2023 zuwa 2026, daga baya kuma aka buɗe cibiyar kai ɗauki a hedikwatar Sibil Difens. Bayan duk wannan aka yi Kuriga a Maris ɗin 2024, sannan Maga a Kebbi da Papiri a Neja a Nuwambar 2025.

To ina matsalar? Duk wanda ya taɓa riƙe fayil a ofishin gwamnati ya san kuɗi kala uku ne: wanda aka rubuta a kasafi, wanda aka amince a saki, da wanda ya shigo asusu. Tsakanin na farko da na uku tafiya ce mai nisa. Na biyu, makarantar tana da iyaye da yawa. Firamare tana hannun SUBEB da ƙaramar hukuma, sakandare ta jiha ce, soja da ɗan sanda na tarayya ne. Shugaban makaranta da ya ga baƙin babura a bayan hostel, wa zai kira, kuma wa ya zama dole ya amsa? Na uku, dokar UBEC ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga ilimin farko, da sharaɗin jiha ta kawo nata rabin. Shekara da shekaru biliyoyi na kwance a Abuja saboda wasu jihohi ba su kawo ba. Wallahi wannan ba laifin ɗan bindiga ba ne.

Kuma tsaro bai tsaya ga katanga ba. Makarantar da ba fitila, ba ruwa, ba bandaki sai yara sun shiga daji, ba layin waya, malamai sun gudu daga gidajensu sun koma cikin gari, ita ma a buɗe take. Yaran da aka sako fa, wa ke duba halin da zuciyarsu ke ciki kafin a ce su koma aji?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin kasafin kuɗin jiha, mu tambayi ɗan majalisarmu abu uku: nawa aka ware wa tsaron makarantu, nawa aka saki bara, kuma jiharmu ta karɓo kuɗinta na UBEC? A taron iyaye da malamai, mu nemi a faɗa mana lambar da ake kira da dare, da ranar da aka gwada ta aka ga an ɗauka. Wanda ke da labarin halin da makarantar garinsu ke ciki ya rubuta a ƙasa, mu tara.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu har yanzu, Ya tsare mana zuri'a. Amin.