Makarantar madugan sama da ke Yamai

Na yi shekaru ina koyar da lissafi a wata lise a Damagaram, kuma duk ƙarshen shekara tambaya ɗaya nake yi wa ƴan ajin bak: in Allah ya ba ku sa'a, ina kuka nufa? Amsoshin har na hardace su. Likita, duwan, soja, banki, sai kuma masu cewa "duk abin da ya samu, mushe". Sau ɗaya tak wata yarinya ta ce tana son aikin masu zama cikin hasumiyar filin jirgi suna ba jirage hanya. Ajin ya fashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, amma abin da na yi ya fi dariyar muni, don na ce mata irin wannan karatu sai a Faransa. Daga baya na gano makarantar tana Yamai tun 1963, ta girme ni a aikin koyarwa nesa ba kusa ba.

Kunyar wannan amsa ce ta sa na bi tarihin abin.

Duk wanda ya san ayarin gishiri na Bilma ya san raƙumi da guzuri ba su isa ba in babu madugu. Jirgin sama ma haka ya fara a ƙasashenmu. A watan Fabrairu na 1920 sojan Faransa sun yi yunƙurin ƙetare Sahara ta sama. Jirgin da ke ɗauke da Janar Laperrine ya tashi daga Tamanrasset, ya ɓace hanya, mai ya ƙare, ya faɗi cikin rairayi. Babu wanda ke ƙasa yana jin muryarsu, balle ya ce musu ku karkata dama. Janar ɗin ya mutu ranar 5 ga Maris, abokan tafiyarsa biyu kuma masu sintiri a kan raƙuma suka tsinto su da sauran numfashi. A wannan shekarar ce aka kafa hasumiyar farko ta kula da jirage a filin Croydon kusa da Landan.

A 1944 ƙasashe suka hadu a Shikago suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta haifi hukumar jiragen farar hula ta duniya, wadda muke kira OACI. Ƙa'idar ita ce kowace ƙasa ke da ikon samaniyarta, kuma ita ke da alhakin kula da jiragen da ke ratsa ta. To da ƴancin kai ya ƙarato, ƙasashen da Faransa ta mallaka suka ga samaniya mai faɗi, ga kayan aiki masu tsada, ga rashin ƙwararru. Sai suka haɗa hannu. Ranar 12 ga Disamba 1959, a Saint-Louis ta Senegal, aka kafa ASECNA, wata takwas kafin Nijar ta samu ƴancinta. Mutum na iya sukar yadda Faransa ta zauna a cikin ƙungiyar, ni ma ina da abin cewa a kai, amma hukumomin haɗin gwiwa nawa ne a Afirka suka shekara sittin suna aiki dare da rana?

Da farko Turawa ne a kan kujerun. Don a maye gurbinsu da ƴan ƙasa aka buɗe EAMAC a Yamai, makarantar Afirka ta nazarin yanayi da jiragen farar hula. Nan ake horar da masu ba jirage hanya, da masu hasashen yanayi, da masu gyaran na'urorin rediyo da rada. Ɗan Madagaska da ɗan Gabon da ɗan Muritaniya duk nan suke zuwa su sha zafin Yamai su koma gida da sana'a. ASECNA na da wasu makarantu biyu, ta ƴan kwana-kwana a Duwala da wata a Dakar. Najeriya kuwa nata ta yi ita kaɗai, ta buɗe makarantar Zariya a 1964. Samaniyar da ASECNA ke kula da ita ta haura murabba'in kilomita miliyan 16, an raba ta shiyya shida, ɗaya na ɗauke da sunan Yamai. Daga 2017 zuwa 2024 ma ɗan Nijar ne, Mohamed Moussa, ke shugabancin hukumar baki ɗaya.

Inda nake so malamai su tsaya su saurara shi ne batun harshe. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan hanyar tashi cikin hazo. Mutum 583 suka mutu. Injin bai lalace ba. Matuƙin KLM ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba, kalmomin da aka yi amfani da su na iya ɗaukar ma'ana biyu, muryoyi kuma suka haɗu a rediyo. Bayan wannan aka ƙara tsaurara lafazin aikin: kalmar tashi ba a furta ta sai lokacin ba da izini ko soke shi, kuma matuƙi sai ya maimaita umarnin da aka ba shi don a ji ko ya fahimta. Daga 2008 OACI ta wajabta wa matuƙa da masu hasumiya na jiragen ƙasa da ƙasa su kai mataki na 4 cikin 6 a Ingilishi.

Yanzu ku dubi azuzuwanmu na C da D. Yaro ya ƙware a lissafi da fizik, amma awar Ingilishi ita ce lokacin kwafar darasin wani malami, mu kuma malaman kimiyya muna kau da kai, wani lokaci har da murmushi. Shiga EAMAC ta hanyar gasa ce, ana kuma duba ido da kunne da lafiyar jiki. Yaron da muka bari ya rena Ingilishi tun daga kolej mun rufe masa wannan ƙofa bai ma san akwai ta ba.

Iyaye kuma su san aikin ba na zaman hutawa ba ne. Akwai kwanan aiki, akwai ranar salla a gaban allo, ga rayukan ɗaruruwan mutane a kan jimla ɗaya. Nauyinsa ya fito fili a watan Satumba na 2022, lokacin da masu wannan aiki na ASECNA suka shiga yajin aiki, jirage suka tsaya cik a filaye da dama na yankin. Haka a watan Agusta na 2023, da aka rufe samaniyar Nijar, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka riƙa yin dogon zagaye. Farin layin nan da yara ke nunawa a sama da yamma, yawancinsa na jiragen da ba su sauka a ƙasarmu ne, amma wani na zaune a ƙasa yana magana da su.

Yarinyar nan ta zama ungozoma, tana aikinta lafiya. Bara muka haɗu a wurin wani suna, na ba ta haƙuri kan amsar da na ba ta. Ta yi dariya ta ce ta manta. Sai kuma ta ce ƙanenta na aji na biyar a kolej, kansa na ja a lissafi, ta tambaye ni ko na san malamin Ingilishi da zai riƙa zuwa gida ranar Asabar.