Maƙeran Bakin Saksofon a Gefen Birnin Washington

Wanda ya taso daga birnin Washington ya nufi kudu maso yamma, ya ƙetare kogin Potomac ya shiga jihar Virginia, ba zai ci mil 20 ba sai ya iske kansa a Springfield, garin da a tsakiyar ƙarni na 19 bai wuce tashar jirgin ƙasa da gonaki ba, bai kuwa tara jama'a ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da wani mai gine-gine, Edward Carr, ya soma yanka filaye a 1946, ma'aikatan gwamnati da iyalan soja suka yi ta tururuwa suna kama gidaje. A irin waɗannan unguwanni na bayan birni, nan da sauran sassan Amurka, wata ƙaramar sana'a ta sami mafaka, wadda ba ta da zugazugi balle uwar maƙera, amma mai yin ta maƙeri ne na haƙiƙa, wato gyaran bakin ƙarfe na abin busan nan da ake kira saksofon.

Malamanmu sun yi saɓani tun da daɗewa a kan hukuncin kiɗa da bushe-bushe, kuma mas'alar tana da ma'abotanta. Abin da ya ja hankalina a nan shi ne aikin hannu da amanar da ke cikinsa.

Asalin saksofon daga hannun Adolphe Sax ne, mutumin Dinant ta ƙasar Beljiyam, wanda aka haifa a 1814, ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa a Paris a 1846. Jikin abin tagulla ne mai maɓallai, amma muryar ba daga jikin take farawa ba. Kamar yadda algaitar fada, duk tsawonta da adonta, ba ta cewa uffan sai da ɗan karan nan da mabushi ke sa wa a baki, haka saksofon: akwai wani guntu, shi ne bakin, da ya fi tsawon yatsa da kaɗan, wanda ake ɗaura wa siririn harshen kara, mafi shahararsa daga lardin Var na kudancin Faransa, kuma kaɗawar wannan harshe a kan leɓen bakin ita ce mafarin sauti duka. Sax da itace ya yi nasa. Daga baya aka koma ga baƙar roba mai tauri, sa'an nan, da makaɗan jaz suka yawaita a manyan zaurukan rawa, mai busa ɗaya yana neman a ji shi a tsakanin ƙahonni da ganguna, sai ƙarfe ya sami karɓuwa.

Sunan da ya rinjayi kowane a wannan babi shi ne Otto Link, wanda ya fara ƙera bakunan tagulla a New York wajen 1930, yana haɗa ɓari biyu ya like su, ya gama su da hannu, ya shafa musu ruwan zinariya. Masana'antar ta ƙaura zuwa Florida cikin shekarun 1950, kuma cikin shekarun 1970 ta koma hannun kamfanin J.J. Babbitt na garin Elkhart a jihar Indiana. A Ingila Berg Larsen ya yi nasa da ƙarfen da ba ya tsatsa, Bobby Dukoff kuma ya shahara da masu kaifin murya. Da irin na Link Coleman Hawkins da John Coltrane suka yi busa, shi ya sa mabusan yau ke bin sawun tsofaffin New York da na Florida, suna tantance zamanin kowane ta tambarin da ke jikinsa, alhali masu ƙirar sun riga mu gidan gaskiya, ba kuma za a ƙara ko ɗaya a kan waɗanda suka bari ba. Daga nan mai gyara ya sami matsayinsa.

Yankin Washington kuwa ya daɗe da tara mabusa. A nan badujalar sojan ruwa ta Marine take, wadda aka kafa a 1798, wadda John Philip Sousa ya shugabanta daga 1880 zuwa 1892. A nan ƙungiyar jaz ta sojan sama, Airmen of Note, ta tsaya tun 1950, ta jiragen ruwa, Commodores, ta biyo a 1969. A ɓangaren baƙaƙen fata akwai titin U da zauren Howard da aka buɗe a 1910, unguwar da ta reni Duke Ellington, birnin kuma ya haifi Charlie Rouse da Buck Hill, wanda ya shafe shekaru yana rabon wasiƙu da rana yana busa da dare. Daga wannan birni ne Willis Conover ya riƙa watsa jaz ta Muryar Amurka tun 1955, har ya kai kunnuwan Afirka. Bayan tarzomar da ta biyo kisan Martin Luther King a watan Afrilu na 1968, kasuwanni da yawa suka bar tsakiyar birni. Kantin kayan kiɗa na Chuck Levin, wanda aka ƙone a titin H, ya koma Wheaton ta jihar Maryland. Sannu a hankali mabusa da masu yi musu hidima suka bazu cikin unguwannin gefe, inda makarantun gwamnati na gundumar Fairfax, wadda Springfield ke ciki, suke koya wa yara busa.

To, mece ce cutar bakin ƙarfe, mene ne kuma maganinta? Mafi yawa faɗuwa ce: ya suɓuce daga hannu, leɓensa ya bugi ƙasa ya lanƙwashe, sai harshen kara ya kasa rufewa, sauti ya riƙa tsuwa. Mai gyara yakan mai da leɓen a hankali da ƙaramar guduma ko sandar goga, domin tagulla tana da haƙuri idan aka lallaɓe ta, tana kuma tsagewa idan aka matsa mata. In ɓangare ya ɓalle, sai a cike da narkakkiyar azurfa a sassaƙe. Akwai kuma ɗan faifan da ke samansa inda haƙora ke sauka, wanda shekaru ke raraka wa rami, har wani lokaci haƙori ya huda zuwa ciki. Shi ana ƙwaƙule shi ne a zuba sabo, sau da yawa da irin ƙullun da likitocin haƙori ke aiki da shi. Ruwan zinariya yakan goge, tagulla ta fito ta yi kore, sai a tsabtace a mai da shi wurin masu shafi.

Amma babban aiki, wanda a kansa ake gane gwani, shi ne daidaita shimfiɗar da harshen kara ke kwanciya a kai da lanƙwasar da ke biye da ita har zuwa leɓe. Mai gyara yana ɗora samfefa mai laushi a kan gilashi ko dutse mai santsi wanda babu karkata a cikinsa, ya ja bakin sau ɗaya ko biyu, ya tsaya ya auna. Ma'auninsa gilashi ne mai zane-zane da waɗansu siraran ƙarafa da yake zurawa tsakanin gilashin da bakin, mafi sirantarsu ɗaya da rabi cikin 1000 na inci, tsarin da ake jingina wa Erick Brand na Elkhart tun shekarun 1930. Buɗewar leɓen Link mai lamba 7 da tauraro, na saksofon tena, wajen 105 ne cikin 1000 na inci, kuma idan gefen dama ya saɓa wa na hagu da abin da ido ba ya gani, mabushi zai ji shi a numfashinsa tun kafin mai sauraro ya ji a kunnensa. Abin da magagari ya ci kuwa ya tafi ke nan.

Coltrane kansa ya ɗanɗana wannan. A hirar da ya yi da Frank Kofsky a 1966 ya ba da labarin yadda, a farkon shekarun 1960, ya sa aka taɓa masa bakin da yake ƙauna da niyyar inganta shi, sai aikin ya lalata shi, har ya kasa yin gudun da ya saba, kuma ya lasafta wannan cikin dalilan da suka sa ya karkata ga waƙoƙi masu sanyi a wancan lokaci.

Saboda haka ma'abota wannan fanni suka kasu biyu. Masu tara tsofaffin kaya suna ganin duk bakin da aka taɓa darajarsa ta ragu, ko da muryarsa ta ƙaru, mabusa kuwa suna cewa ba don ajiya a akwati aka ƙera shi ba. Ni dai ina tare da mabusa, amma da sharaɗi: mai gyara ya rubuta ma'aunin abin kafin ya taɓa shi, ya mai da shi kan ƙa'idar wanda ya ƙera, kada ya shigar da son zuciyarsa cikin kayan amana, kada kuma ya bari injin goge ya cinye gefuna don neman ƙyalli, gama israfi wajen ƙawa ya kashe bakuna masu yawa waɗanda faɗuwa ba ta kashe ba. Ilmin ma galibi daga hannu zuwa hannu yake tafiya, almajiri ya zauna gaban malami ya ɓata bakuna masu araha kafin a amince masa da mai tsada, kuma yawancin aikin yau ta gidan waya yake zuwa ya koma.

A ƙasarmu akwai saksofon a badujalar soja da ta 'yan sanda, akwai kuma maƙeran fari a Kano da Zariya da Katsina, waɗanda suka gaji sarrafa azurfa da tagulla kaka da kakanni, hannunsu kuwa ya isa wannan aiki in sun sami gilashin awo da wanda zai nuna musu lissafinsa. Duk wanda ke riƙe da ɗakin ajiyar irin waɗannan kaya, in ya tarar da tsohon bakin ƙarfe da ya yi kore ko ya lotse, ina roƙonsa kada ya jefa shi cikin gwangwan, kada kuma ya sa masa magagari; ya duba tambarin da ke jikinsa, ya naɗe shi a tsumma, ya nemi mai ma'auni.