Labarin Akwatin Rediyo Mai Kama da Tukunya

A cikin shekarar 1941 Gwamnatin Rodeshiya ta Arewa, ƙasar da ake kira Zambiya tun 1964, ta kafa gidan rediyo a Lusaka domin ta riƙa ba mutane labarin Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙi ya ƙare sai aka ga akwai tasha, amma masu saurare kaɗan ne. Akwatunan wancan zamani suna da tsada, yawancinsu kuwa ba su aiki sai da lantarki, ga shi ƙauyuka ba su da shi.

Shugaban ofishin watsa labarai na ƙasar, wani Bature mai suna Harry Franklin, ya ɗauki wannan al'amari da nauyi. Ya yi shekara uku yana neman kamfanin da zai ƙera akwati mai araha, mai aiki da batir, wanda zai jure zafi da ƙura. Daga baya kamfanin Ever Ready na Ingila ya yarda. Sana'arsa ta asali batir ce, ya kuwa san duk wanda ya sayi akwati ba zai rabu da sayen batir ba.

A 1949 akwatin ya shiga kasuwa. Jikinsa na goran ruwa ne, kewayayye kamar tukunyar da ba ta da mariƙi, faɗinsa inci 9, an shafe shi da shuɗin fenti. Saboda haka Turawa suka sa masa suna Saucepan Special, watau rediyon tukunya. A cikinsa akwai 'yan kwalabe huɗu masu kama da ƙwan lantarki, su ne ke ƙarfafa muryar da ta zo daga nesa. An rufe kafofinsa da raga don kada kyankyasai su shiga. Kuɗinsa fam 5, batir kuwa sule 25, yana yin awa 300. In an lissafta, a wancan zamani sule kwabo 12 ne, ashe kowace awa ta sauraro kwabo ɗaya ke nan. A wata uku na farko aka sayar da 1,500.

Wannan akwati na gajeren zango ne, yana kamawa daga mita 25 zuwa mita 90. Muryar gajeren zango ba ta bin ƙasa. Sama take hawa, ta bugi wani rufi na iska da ke can nesa bisa gizagizai, sa'an nan ta komo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan mil. Da haka tasha guda a Lusaka ta isa Rodeshiya ta Kudu da Niyasalan, watau Zimbabuwe da Malawi, tana magana da harsuna irin su Bemba da Nyanja da Shona. Akwatunan da aka taɓa ja wa waya cikin gidaje a Kano, abin da aka aiko musu kaɗai suke faɗi. Mai tukunya kuwa yana iya murɗa allura ya nemi wata ƙasa da kansa.

Amma akwati mai araha ba shi da ƙarfi ƙwarai, sai mai shi ya taimake shi. Abu na farko shi ne eriya. Wanda ya bar guntuwar waya cikin ɗaki, murya ƙasa-ƙasa zai ji. Wanda ya sami doguwar waya ya ɗaura ta daga kan ɗaki zuwa reshen itace, ya sa kwalba ko fasasshen tangaran a bakin ɗaurin don kada ta taɓa ɗanyen itace, sai ya ji magana garau. Na biyu wayar ƙasa ce: a kafa ƙarfe a wuri mai laima, a haɗa shi da akwati, da rani a riƙa zuba masa ruwa. In hadari ya taso da tsawa, sai a cire eriya, gama doguwar waya tana jawo aradu.

Na uku sanin lokaci. Rana ce ke sake halin rufin nan na sama, don haka da tsakar rana ƙananan mitoci irin 25 da 31 sun fi fita, da dare kuwa sai 60 da 90. Na huɗu tattalin batir. Batirin da ake hutar da shi, ana ajiye shi a inuwa, ya fi daɗewa bisa wanda aka bari yana aiki dare da rana. In ya mutu kuma ba a barinsa kusa da akwati, domin ruwansa yana cin ƙarfe.

Zamanin tukunya bai yi tsawo ba. A 1954 aka fara sayar da rediyon taransista a Amurka, wanda ba shi da kwalabe. Ba a daɗe ba irinsa na Jafan suka cika kasuwannin Afirka, suna aiki da batirin tocila. Babban batirin nan ya yi wuyar samu, tukwane da yawa suka koma ƙarƙashin gado, alhali ba abin da ya same su.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Har wa yau akwai masu tayar da irin waɗannan akwatuna. Tsohon batirin kashi biyu ne, mai ƙarfin 90 da mai ƙarfin ɗaya da rabi. Sai su jera ƙananan batura goma masu ƙarfin 9 a madadin na farko, su sa batirin tocila guda a madadin na biyu. Wajibi ne a lura kada a sauya wayoyin, gama in ƙarfin 90 ya bi hanyar ƙaramin, nan take kwalaben huɗu za su ƙone. Bayan wannan sukan cire 'yan kayan da ke riƙe wuta, waɗanda ake kira kafasita, domin na dā da takarda da kakin zuma aka yi su, sukan lalace in sun tsufa. Sai a sa sababbi, a goge tsatsa, a ɗaura eriya.

Tashoshi da yawa sun bar gajeren zango, amma waɗansu suna nan. Akwatin da aka ƙera a 1949, in ya sami wannan gyara, yana iya kama su da dare kamar yadda ya kama Lusaka.