Yahuda Halebi

Yahuda Halebi malamin addinin Yahudawa ne, likita, kuma ɗaya daga cikin manyan sha'iran Ibrananci. An haife shi wajajen 1075 a ƙasar Sifen, lokacin da Andalus take a rarrabe hannun ƙananan sarakunan Musulmi, Kiristoci kuma suna matsowa daga arewa. Yana saurayi ya isa Garnaɗa, inda sha'iri Musa ibn Ezra ya ga hazaƙarsa ya jawo shi jiki. Bayan mayaƙan daular Murabiɗun sun ci garin a 1090, sai ya shiga yawon birane. Ya yi aikin likita a Toledo, ya kuma zauna a Kurɗuba.

Waƙoƙinsa kusan 800 suka tsira, na yabo, na bege, na aure, na marsiyya da na ibada. Harshen na Attaura ne, amma awon na arulin Larabawa ne, wanda Dunash ben Labarat ya shigar wa Ibrananci a ƙarni na 10. Mai nazarin waƙoƙin ajamin Hausa zai gane wannan aro nan take. Fifikon Halebi shi ne baitinsa yana gudana kamar da ma Ibrananci aka yi wa awon. Har yau ana rera waƙoƙinsa na begen Ƙudus a majami'un Yahudawa ranar juyayin rushe Haikalin birnin.

Babban littafinsa, Kuzari, da Larabci ya rubuta shi cikin haruffan Ibrananci. Muhawara ce: sarkin mutanen Khazar yana neman addinin gaskiya, ya saurari masanin falsafa, da Kirista, da Musulmi, sannan malamin Yahudawa. Hujjar Halebi ita ce wahayin da al'umma ta shaida ya fi hujjar hankali ta masu bin Aristo ƙarfi. Ya san falsafar ciki da bai kafin ya ja da ita, shi ya sa littafin yake da nauyi.

Da tsufansa ya bar iyali da almajirai da duk darajar da yake da ita, ya nufi Ƙudus, wadda a lokacin take hannun 'yan yaƙin Salibiyya. Ya sauka Iskandariya a Satumban 1140. Yahudawan Masar suka yi ta karrama shi suna roƙon ya zauna, bai yarda ba. Wasiƙun da aka gano a ma'ajiyar tsoffin takardu ta wata majami'ar Yahudawa a Fusɗaɗ ta Masar sun nuna jirginsa ya tashi a Mayun 1141, ya kuma rasu a cikin 'yan watannin da suka biyo. Labarin cewa wani mahayi ya tattake shi a ƙofar Ƙudus sai a ƙarni na 16 aka fara rubuta shi.