Zanzaro

zanzaro (suna, namiji)

1. Ƙwaro mai fiffike da siririn ƙugu, ɗan'uwan rina, mai gina gida da laka. A birnin Zazzau, daga Kwarbai har Ƙofar Doka, ana ganin gininsa manne a azarar zaure da lungun soro, musamman da damina. Macen ce maginiya: takan kwaso taɓo, ta yi 'yan ɗakuna, ta cusa gizo-gizo ko tsutsar da ta sumar, ta saka ƙwai, ta liƙe. Yana da harbi, amma sai an damƙe shi ko an danne shi. Rina ce mafaɗaciya. Gidanta kamar takarda, kuma a taro take zama.

2. *yin zanzaro*: cusa riga cikin wando. *Malam ya ce kowa ya yi zanzaro.*